Kaka Ya Gyara Mana Farfela

"Sannu da dawowa, angon ƙarya. Ya hanya?"

"Hanya lafiya lau, sai dai ƙafafuna da kika kashe. Karɓi tarkacenki. Kuma ki durƙusa ki gode mini, don yau na ƙwato ki daga hannun macuci."

Kakanmu ne ya shigo yana mayar wa ƙanwata wannan magana. Ya dire wani ɗan kwali a kan teburin cin abinci, teburin da tun dawowata daga karatu ban ga an ci abinci a kansa ba. Auta, ƙanwata, ta mayar da shi wurin aiki: wayoyi ja da baƙi, ƙarfen liƙi, ƙananan kusoshi a cikin murfin kwalba, da wani ɗan jirgi marar matuƙi da bai wuce faɗin faranti ba, yana kwance da hannuwansa huɗu a miƙe. Washegari za a yi tseren irin waɗannan jirage a filin makarantarsu, kuma daga nan za a zaɓi waɗanda za su shiga ƙungiyar makaranta. Abin da ya rage mata batir ne da farfeloli, wato 'yan fankokin nan da ke ɗaga jirgin sama. Ta riga ta yi waya da mai shagon da ke sayar da su, ya haɗa mata su a kwali. Aikin Kaka kawai ya karɓo, tunda ita tana da aji da safe, shi kuma ya rantse ba za a aiki baƙo kasuwa ba yana raye. Baƙon ni ne.

Na daɗe ban ji irin maganar da su biyun ke yi wa juna ba, har kunnena ya manta da ita. Don haka na ja kujera na zauna.

"Wane macuci kuma?" in ji Auta. "Tsaya ma. Me ya sa kwalin a buɗe yake?"

"Au, da a rufe zan karɓo? Ni? Na tsufa ina sayar da takalma, ban taɓa karɓar kwali ban buɗe ba. Sai yanzu don na auri malalaciya zan fara?"

"Cewa na yi ka karɓo, ban ce ka yi bincike ba."

"Karɓowa ba bincike ai aikin jaki ne."

"To ai shi ya sa na aike ka."

"Baƙo, ka ji ko? Ka zama shaida. Da bakinta ta faɗa."

Auta ta zura hannu cikin kwalin, ta fito da wani baƙin abu da sai da ta sa hannu biyu kafin ta juya shi.

"Wannan kuma mene ne?"

"Batir."

"Wannan bulo ne."

"Ai kin ga na kirki ke nan. Wanda ya sa miki da farko kamar akwatin ashana. Na ce masa, kai yaro, ka san matar wa kake yi wa wannan raini? Ɗauko na manya. Ya ɗauko wani, na ce akwai wanda ya fi shi? Ya ce akwai. Na ce to me kake jira?"

"Kaka, jirgin nan gaba ɗayansa bai kai nauyin batirin nan ba."

"Laifin jirgin ne. Ki dinga ba shi abinci. Dube shi, duk ƙashi, kamar mai shi."

"Jirgin tsere ne! Kowane ɗan nauyi sai na auna shi kafin in ɗora. Kusoshin nan ma sai da na nemo marasa nauyi. Kai kuma ka ɗauko mini abin da zai tayar da motar ɗaukar yashi."

"Wanda zai yi gudu ai shi ke bukatar ƙarfi. Da wancan ɗan mitsitsin, kafin ya zaga fili sau ɗaya ya suma."

"Minti kaɗan ake yi a gama. Ba aikawa za a yi da shi wani gari ba."

"Minti kaɗan? Duk warin hayaƙin nan da kika cika mana gida da shi, don minti kaɗan? Kai, na yi asarar aure."

Auta ta ture batirin gefe, ta ce wannan mai sauƙi ne, ƙawarta tana da irin wanda take so har guda biyu, za ta ara. Sai ta zazzage farfelolin a kan tebur, ta jera su, ta sunkuya tana dubawa. Ta ɗaga ɗaya ta kai saitin taga. Ta ɗaga wata. Ni ma na matso in ga abin da take dubawa.

"Kaka. Ina sauran biyun?"

"Huɗu kika ce, ga huɗu."

"Duka huɗun nan iri ɗaya ne."

"Yauwa! Yanzu kika zo wurin." Ya gyara zama, ya tura hularsa ƙeya. "Nan ne na kama shi. Ina buɗe ledar na jera su a kan kantarsa, sai na ga biyu sun karkata dama, biyu sun karkata hagu. Ya zaci tsoho ba ya gani. Ya haɗa miki lafiyayyu biyu da karkatattu biyu, ya lulluɓe a leda mai ƙyalli."

"Wayyo Allah."

"Haka ni ma na ce. Na ce yaro, me ke nan? Ya ce wai Baba, haka suke zuwa. Na ce haka duk marar gaskiya ke cewa. Ya ce wai Baba, tsaya in yi maka bayani. Na ce bayanin me, ga abu a fili? Na kira mai gyaran waya na kusa da shi, na ce zo ka duba. Ya ce lallai ba ɗaya suke ba. Na kira tela. Shi ma ya sa tabarau ya ce ba ɗaya suke ba. Kafin ki ce me, mutane sun cika ƙofar shagon."

"Ka tara masa jama'a?"

"Gaskiya ce ta tara su. Ban bar wurin ba sai da ya farke sabuwar leda na zaɓi lafiyayyu da hannuna. Huɗu cif, kowace kamar 'yar'uwarta. Kin san irin gumin da na yi?"

Auta ta miƙe tsaye. "Tsohon nan, ka kashe ni. Ka kashe ni ka zauna kana jiran godiya."

"Ji rashin ta-ido!"

"Haka ake yin su! Dole biyu su juya dama, biyu su juya hagu. Injunan jirgin ma haka na haɗa su. In na ɗaura waɗannan, biyu za su dinga ɗaga shi sama, biyu suna danna shi ƙasa."

"To ki juya injunan duka su bi hanya ɗaya mana. Gida ɗaya, magana ɗaya."

"Sai ya tsaya wuri ɗaya yana juyawa kamar katantanwa."

"Da ma mai shi haka take."

"Kai da ka ƙare rayuwarka a takalma! Ka taɓa sayar wa mutum ƙafar dama biyu?"

Na zaci a nan maganar za ta ƙare. Sai kuma Kaka ya buga tebur har kusoshin suka yi tsalle a murfinsu.

"Kar ki kuskura ki sa takalmi cikin wannan shirme! Takalmi mutum ke sa shi, kuma mutum da ƙafa biyu aka halicce shi, hagu da dama. Jirginki yana da ƙafa? Yana da babban yatsa? Fankar ɗakina fukafukanta uku, duk gefe ɗaya suka kalla, kuma tun kafin a haifi ubanki take juyawa."

"Fankar ɗakinka a ɗaure take da silin!"

"Ladabi ke nan. Abin da ya san ya kamata."

Ya juyo gare ni. "Kai, Baƙo. An kai ka ƙarshen duniya ka yi karatu. Faɗa mata gaskiya."

Na ce a iya fahimtata, duk abin da ke juyawa gefe ɗaya yana ƙoƙarin murɗa abin da ke riƙe da shi zuwa ɗaya gefen. Fanka silin ke riƙe ta. Jirgi kuwa ba abin da ke riƙe shi a sama, shi ya sa ake sa biyu su ja nan, biyu su ja can, sai su yi daidai.

Kaka ya kalle ni tun daga kai har ƙafa.

"Shi ke nan abin da ka koyo? Wai sai an yi rigima a cikin gida sannan gida ya tsaya? Sun dawo mana da kai ba abin da ka iya sai bin bayan mata. Da ma na san kana neman raba ni da iyalina."

"Ni zan raba kaina," in ji Auta. "Ba sai an taya ni ba. Yau zan koma gidan ubana."

"Gidan ubanki ai nawa ne. Koma mana, ki same ni a ƙofa."

Ta ɗauki wayarta ta kira mai shagon. Muna jin muryarsa sama-sama, da ƙarar mota a bayansa. Ta ba shi haƙuri, ta sake ba shi haƙuri, sannan ta saurara. Da ta ajiye wayar fuskarta ta sauya.

"Ya rufe shago. Yana hanya, ya tafi saro kaya. Sai bayan tseren zai dawo."

"Ya gudu!" in ji Kaka. "Kun gani? Mai gaskiya yana gudu?"

"Tun makon jiya ya gaya mini zai yi tafiya. Shi ya sa na ce a karɓo yau. Ya ce in gaida Baba mai kaifin ido."

"Ko a bakin maƙiyi, yabo yabo ne. Ina amsawa."

"Ba yabo ba ne!"

"Ki ara wurin ƙawar taki mana, mai batir bibbiyu kamar 'yar kasuwa."

"Nata manya ne. Duk ajinmu ni kaɗai na haɗa ƙarami, don ya fi saurin shan kwana. Ba wanda ke da irin farfelata. Shagon nan kaɗai ke kawo su."

Ta zauna, ta ja jirgin gabanta, tana murza ɗaya daga cikin injunan da yatsa. Wata da watanni tana wannan aiki. Na ga tabon ƙuna biyu a yatsunta da ƙarfen liƙi ya bar mata. Kaka ma ya gani, don na ga inda idonsa ya sauka. Amma shi ba mutumin da ke sauka daga magana ta ƙofar gaba ba ne.

"Duk wannan zance ne," ya ce. "Ni ban ga abin da ya hana shi tashi ba. Ɗaura masa mu gani."

"Zai kife."

"Ke kika ce. Yaron shago ya ce, Baƙo ya ce. Shi jirgin an tambaye shi?"

"In ya karye fa?"

"In ya tashi fa? Za ki tsaya a tsakar gida ki ce, maigida, na yi kuskure, kai ne mai ilimi."

"In ya kife kuma kai za ka ce me?"

"Ba zai kife ba, don haka ban tanadi magana ba."

Ban san ko haushi ne ya sa ta ba, ko kuwa ganin ba abin da ya rage ta yi asara. Ta ɗauko wani tsohon batir da take gwaji da shi, ta ɗaura farfelolin huɗu, ta ɗaure su tam. Muka fita tsakar gida. Ta kawar da bokitin wanki, ta ajiye jirgin a kan siminti, ta ce kowa ya ja baya.

"Ni ba na ja da baya don abin wasan yara," in ji Kaka. Ya tsaya a gaba ya harɗe hannu a baya, kamar mai duba gini.

Auta ta taɓa makunnin rimot. Jirgin ya yi ɗan kuka, farfelolin suka ɗauki zuga kamar taron sauro. Ta ɗaga sandar a hankali. Bai tashi ba. Ya yi rawa a wurin, ya ja jiki gefe, sai ya daka tsalle ya wuntsila, ya bugi siminti da baya, ya sake wuntsilawa, ya nufi inda Kaka yake yana ƙara. Ban ga lokacin da tsohon ya bar wurin ba. Na dai ji hannu biyu sun damƙe rigata ta baya, an juya ni na zama garkuwa. Jirgin ya daki tankin ruwa ya kwanta, Auta ta kashe shi.

Takalmin Kaka ɗaya na nan a inda ya tsaya ɗazu.

"Sannu da tsere, maigida," in ji Auta. "Kai ya kamata in rubuta sunanka gobe."

"Ba gudu na yi ba. Baƙo na zo karewa."

"Ta baya?"

"Ta nan haɗari ke zuwa. Kuma ke kika turo shi. Na ga yatsanki. So kike ki zama bazawara ki ci gado."

"Gadon me? Fanka?"

"Kin ji! Har ta san abin da take hari."

Ta je ta ɗauko jirgin, ta juya shi tana dubawa. Gangar jikin ba ta karye ba, injunan ma lafiya. Amma farfela biyu sun tsage, ɗaya daga cikinsu ma ta rabu gida biyu. Ta kwance su ta zubar a ƙasa, ta zauna a bakin baranda ta ɗora jirgin a cinya.

"Shi ke nan," ta ce. "Yanzu ko huɗun ƙaryar ma babu."

Wannan karon ba da wasa ta faɗa ba. Ba ta kalli kowa ba.

Kaka ya saki rigata. Ya je ya sa takalminsa, ya yi gyaran murya, ya dubi sama, ya dubi tankin ruwa kamar shi ne mai laifi. Ya zo ya tsaya a kanta.

"Wato dai karkatattun nan kike so."

Ta ci gaba da kallon jirgin da ke cinyarta.

"Mace ke nan. A kawo mata lafiyayye ta ce sai gurgu."

Ya zura hannu cikin aljihun rigarsa, can ƙasa, ya daɗe yana lalube. Ya fito da hankicinsa a ƙulle. Ya kwance shi a hankali ya ajiye mata a kan gwiwa. Farfela biyu ne, sababbi, sun karkata hagu.

Auta ta dube su, ta dube shi.

"Waɗannan daga ina?"

"Shaida ce. Shugaban 'yan kasuwa zan kai wa, ya ga irin abin da ake sayar wa mutane."

"Tun ɗazu suna aljihunka?"

"A ina ake ajiye shaida?"

"Ina ta kuka suna aljihunka? Na kira mutum yana cikin mota ina ba shi haƙuri suna aljihunka? Jirgina ya daki tanki suna aljihunka?"

"Ba ki tambaya ba."

"Na tambaya! Na ce ina sauran biyun!"

"Lokacin ba ki yi ladabi ba."

"Tsaya tukuna. Ba ka ya yi, ko ɗauka ka yi?"

Kaka ya gyara hula. "Bai hana ni ba. Yana ta bayani, ni kuma na gaji da ji."

"Yaya, ka ji? Ɓarawo! Ashe ɓarawo na aura! Ya tara wa mutum jama'a ya kira shi macuci, sannan ya fito masa da kaya a aljihu!"

"Rage murya, maƙwabta na ji."

"Su ji! A kira tela ya sa tabarau ya duba!"

Tana masifar hannunta na aiki. Ta mayar da lafiyayyun biyu da suka tsira kusurwa da kusurwa, ta ɗaura na hagun a sauran injunan, ta gwada kowace da yatsa. Ta ajiye jirgin a siminti. Wannan karon ba sai da aka ce wa Kaka ya ja baya ba, tuni yana bakin ƙofar kicin da hannu ɗaya a kan ƙyaure.

Zugar ta tashi. Jirgin ya ɗaga sumul, ya hau har saitin igiyar shanya, ya tsaya cak a iska kamar an rataye shi. Auta ta karkata shi hagu, ta karkata shi dama, ta zagaya tankin da shi sau ɗaya, ta sauke shi a gaban ƙafarta.

Kaka ya fito daga ƙofar kicin a hankali. Ya daɗe yana kallon abin. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da tari, sai da ya dafa bango.

"To, na ji. Ya tashi. Yaron nan ya yi gaskiya, ke ma kin yi gaskiya sau ɗaya a rayuwarki."

"Kuma in ya dawo za ka je ka ba shi haƙuri. A gaban tela."

"Ki ce masa na rasu."

"Da ƙafarka za ka je."

"Zan je, zan je. Kai, wannan aure." Ya share ido da hankicin. "Goben da safe ne? Zan zo in ga yadda za ki kunyata ni a gaban jama'a."

"Ka zo. Amma sharaɗi ɗaya: ba ka buɗe kwalin kowa, ba ka taɓa jirgin kowa."

"Na yarda. Hannuwana biyu a aljihu za su wuni."

"A'a!" in ji Auta. "Aljihun ne ma abin tsoro. Ka ɗora su a kai inda zan dinga ganinsu."